Zan iya saka kuɗin gyaran gidana cikin kuɗin da nake kashewa a sana'ata a Amurka?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, ni da maigidana da 'ya'yanmu huɗu, a gidan da muka saya da bashin banki. Shekara uku ke nan ina ɗinki a ɗaki ɗaya na gidan, ina kuma sayar da atamfa da shadda da leshi, har na yi wa sana'ar rajistar LLC, wato irin kamfanin nan da ke raba dukiyar mai shi da bashin sana'a. Bara mun kashe kuɗi a gidan: sabon rufi dala 12,000, kicin dala 18,000, ɗakin ɗinkin aka sake masa daɓe da wayarin a kan dala 3,900, aka yi masa fenti dala 400. Na'urar ɗumama gida ma ta samu matsala, aka gyara dala 600. Wata ƙawata ta ce tunda a gidan nake sana'a, in rubuta duka a matsayin kuɗin sana'a, haraji zai ragu sosai, wai ita ma haka take yi. Shin gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a gidan da sana'ar.

Idan na fahimce ki, kin kashe dala 34,900 a gidan da kuke kwana a ciki, kike kuma neman abinci a ciki, kina so ki san nawa doka ta yarda ki cire daga ribar ɗinki kafin a ɗora miki haraji. Amsar a taƙaice: akwai abin da za ki cire, amma bai kai ko kashi biyar cikin ɗari na wannan kuɗin ba a shekarar farko. Kicin ɗin kuwa, wanda shi ne ya fi cin kuɗi, ko sisi ba zai shiga ba. Abin da ƙawarki ke yi, in dai yadda ta faɗa miki ne, ba dabara ba ce. Bashi take tara wa kanta wanda ba ta san ranar da za a zo karɓa ba.

Na daɗe ina cike wa mutanenmu takardun haraji, kuma babu kakar da wannan tambayar ba ta zuwa teburina. Masu kitso sun yi ta, masu tuƙin mota sun yi ta, masu sayar da turare da kayan mata ma haka. Kuskuren guda ne kullum: ana zaton asusun da kuɗi ya fito shi ne ke sa kuɗin ya zama na sana'a. Hukumar harajin Amurka, IRS, ba ruwanta da katin da aka goga. Wurin da aka kashe wa kuɗin take kallo, da abin da ake yi a wurin.

Abin da doka ke kallo

Sashe na 162 na kundin harajin tarayya ya ba mai sana'a damar cire abin da ya kashe don tafiyar da sana'arsa, muddin abu ne da aka saba kashewa a irin sana'ar kuma yana da amfani gare ta. Sashe na 262 kuma ya hana cire kuɗin rayuwar kai da ta iyali. Gida ya faɗa tsakanin biyun, shi ya sa a 1976 majalisar dokoki ta kafa sashe na 280A. Wannan sashen da hani ya fara: ba a cire komai a kan gidan da mutum ke zaune a ciki. Daga baya ya buɗe 'yan ƙofofi, kuma ta ɗaya daga cikinsu za ki shiga.

Sharaɗi na farko, wanda ya fi kayar da mutanenmu, shi ne a keɓe wurin ga sana'a ita kaɗai, a kuma riƙa amfani da shi a kai a kai. Ba dole sai ɗaki mai ƙofa ba, ko kusurwar falo ce ta isa idan an san iyakarta. Amma keɓewar gaske ake nufi. Mu kuwa gidajenmu ba sa rabo da baƙi. Surukarki ta zo daga Maraɗi ko Kano za ta yi wata uku, a ture keken ɗinki gefe a shimfiɗa mata katifa. Yara su dawo daga makaranta su zauna a teburin yankan yadi suna aikin gida. Ranar suna ko walima a mayar da ɗakin wurin zaman mata. Duk wannan zumunci ne mai kyau, amma a idon doka ɗakin ya tashi daga na sana'a a tsawon lokacin da ake masa wannan amfanin. Idan kuwa abin ya zama al'ada duk shekara, babu abin cirewa ko kaɗan. Wannan ita ce tambayar farko da nake wa duk wanda ya zauna a gabana, kafin ma in karɓi rasit ɗaya: wa ke shiga ɗakin nan, me yake yi a ciki?

Sharaɗi na biyu shi ne wurin ya zama cibiyar sana'ar, ko wurin da masu kawo aiki ke zuwa su same ki, ko kuma gini ne daban da bai haɗe da gidan ba. Ɗaya ya wadatar. Ke kin cika biyu, tunda a nan kike ɗinkin, a nan kuma ake zuwa a gwada mutum. An sha shari'a a kan wannan sharaɗin. A 1993 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wani likita mai sa wa majinyata barci kafin tiyata, Nader Soliman, wanda ke aiki a asibitoci uku amma babu wanda ya ba shi ofis, sai yake lissafinsa da rubuce-rubucensa a wani ɗaki a gidansa. Kotu ta ce asibiti ne cibiyar aikinsa, ta hana shi cire kuɗin ɗakin. Majalisa ta gyara dokar a 1997, gyaran ya fara aiki a 1999, aka ce wurin da mutum ke gudanar da lissafi da tsare-tsaren sana'arsa ya isa cibiya idan ba shi da wani tsayayyen wuri da yake yin hakan. Masu tuƙin babbar mota da 'yan kwangila na cikin waɗanda suka ci moriyar wannan gyaran.

Akwai wani sassauci da ya shafe ki kai tsaye. Mai sayar da kaya wanda gidansa ne kaɗai mazaunin sana'arsa yana iya lissafa wurin ajiyar haja ko da ba a keɓe shi gaba ɗaya ba, in dai wuri ne sananne da ake ajiyar a kai a kai. Don haka idan kina jera bandiran shadda da turamen atamfa a wata kusurwa ta gareji ko a wani kabad, a auna wurin a ƙara a kan faɗin ɗakin ɗinki. Masu renon yara a gida da lasisi su ma suna da nasu sassaucin, amma wannan ba naki ba ne.

Idan maigida ma'aikacin albashi ne da ke aiki daga gida, shi ba shi da wannan damar. An rufe ta ga ma'aikatan albashi tun daga 2018. Masu sana'ar kansu kaɗai ta rage wa.

Gyara daban, sabuntawa daban

A Hausa duk "gyaran gida" muke cewa, ko ƙusa aka buga ko bene aka ɗora. Dokar haraji ta raba abin gida biyu, kuma a wannan rabon ne mafi yawan kuɗinki ya maƙale. Ke tela ce, za ki gane da sauri. Mutum ya kawo riga a sa mata maɓalli ko a ɗinke inda ta yage, wannan gyara ne, rigar ta koma yadda take. Wani kuma ya kawo a farke ta, a sake wuya da hannu da aiki, wannan kusan sabuwar riga ce.

Haka yake a gini. Toshe inda rufi ke yoyo, sake gilashin taga ɗaya, fenti, gyaran famfo, canza wani ƙaramin ƙarfe a na'urar ɗumama gida, duk ƙaramin gyara ne. Ana cire kuɗinsa a shekarar da aka biya. Amma aikin da ya ƙara wa gini daraja, ko ya maye wani babban sashe nasa da sabo, ko ya mayar da shi ga wani sabon amfani, sabuntawa ce. Sabon rufi gaba ɗaya, sabon wayarin, sabon daɓe, ƙarin ɗaki, mayar da gareji shago. Irin wannan ba a cire shi tashi ɗaya. Ana rarraba kuɗin a kan shekaru, ana cire ɗan kaso kowace shekara a matsayin tsufan da ginin ke yi. Ga ɓangaren gida da ake sana'a a ciki, shekarun 39 ne. Ba kuskuren rubutu ba ne, talatin da tara.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: idan aka yi ƙananan gyare-gyare a cikin babban aikin sabunta wuri, sukan bi babban aikin. Fentin ɗakinki, idan shi kaɗai aka yi, gyara ne. Idan kuwa ɗan kwangila ɗaya ne ya fasa bango ya ja waya, ya toshe, ya shafa fenti don rufe inda ya fasa, fentin ya zama wani yanki na aikin wayarin. A lissafin da zan yi a ƙasa na ɗauka daban aka yi shi.

Bayan wannan rabon akwai na biyu, wato ina aikin ya shafa. Abin da aka yi wa ɗakin sana'a kaɗai, duka ake lissafawa. Abin da ya shafi gidan gaba ɗaya, kamar rufi da wuta da inshora, kason ɗakin kawai ake ɗauka. Abin da aka yi wa wurin da sana'a ba ta shiga, babu komai.

Mu ɗora lissafin a kan gidanki

Ba ki faɗi girman gidan ba, sai in ƙaddara. A ce gidan murabba'in ƙafa 2,000 ne, ɗakin ɗinki da wurin ajiyar haja 200. Kason sana'a kashi 10 cikin 100 ke nan. Ki auna naki da kanki da awon tela ko na kafinta, ki rubuta, kada ki yi kirdado.

Fentin ɗaki, dala 400, duka za ki cire. Gyaran na'urar ɗumama gida, dala 600, gida duka take ɗumamawa, naki dala 60. Daɓe da wayarin na ɗakin ɗinki, dala 3,900, duka na sana'a ne, amma sabuntawa ce, a raba gida 39, dala 100 a shekara. Rufi, dala 12,000, kasonki dala 1,200, a raba gida 39, kusan dala 31 a shekara. A shekarar farko ma ba a samun cikakken kason, daga watan da aka gama aikin ake fara ƙirga. Kicin, dala 18,000, babu.

Jimilla dala 591 daga cikin 34,900. Rufin nan da ake ta ɗoki a kansa, idan aka haɗa harajin shiga da harajin masu sana'ar kai na kashi 15.3, abin da zai rage miki a shekara bai wuce dala goma ko sha ɗaya ba. Kuɗin zare.

Na san maganar kicin ita ce mai zafi, bari in tsaya a kanta. Za ki iya cewa ai kina dafa wa masu kawo ɗinki shayi a ciki, ko kina wanke yadi a wurin. Wannan bai keɓe shi ga sana'a ba, tunda a nan ake tuƙa tuwon gidan. Na taɓa samun wata baiwar Allah mai yin abincin biki, masa da alkaki da dambun nama, wadda ta sabunta kicin ɗinta saboda sana'ar da gaske, ta sa babban murhu da firiza biyu. Hujjarta ta fi taki ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da na tambaye ta ina ake dafa wa yara abincin dare, sai ta yi dariya. Ginin kicin ɗin bai shiga ba. Abin da ya shiga shi ne kayan aikin da ta saya don sana'ar kaɗai, firizar da naman biki kawai ke shiga da manyan tukwane. Banɗakin da masu zuwa gwaji ke shiga shi ma haka ne, in dai mutanen gida na amfani da shi. Gyaran farfajiya da shuka ciyawa su ma yawanci ba sa shiga.

To, ba a nan ribar take ba. Ribar tana cikin abubuwan yau da kullum da mutane ke mantawa da su saboda hankalinsu na kan manyan kuɗi. Mu ci gaba da ƙaddarawa: wuta da gas da ruwa dala 3,600 a shekara, kasonki 360. Inshorar gida 1,500, kasonki 150. Ruwan bashin gida 9,000, kasonki 900, amma ki lura ruwan kawai, ban da uwar bashin. Harajin gida na ƙaramar hukuma 2,400, kasonki 240. Sai tsufan ginin kansa: a ce kun sayi gidan dala 240,000, filin ya tashi 45,000, gini 195,000. Fili ba ya tsufa a lissafin haraji, ana cire shi. Kashi goma na ginin 19,500 ne, a raba gida 39, dala 500 a shekara. Idan aka haɗa da 591 na sama, an samu dala 2,741. Wannan halak ɗinki ne, kuma mafi yawansa kowace shekara yana dawowa. Ana cike shi a fom mai lamba 8829, jimillar ta wuce zuwa Schedule C inda ake nuna ribar sana'a.

Kayan aiki kuma hanyarsu daban ce, ba sa bin wannan dogon layin. Keken ɗinki, injin saƙa, teburin yanka, dutsen guga na tururi, kantar jera yadi wadda ba a gina ta a bango ba, waɗannan ba gida ba ne. Akwai ƙa'idar da ta ba ƙaramin ɗan kasuwa damar cire duk abin da bai wuce dala 2,500 a kowane guda ba a shekarar da ya saya, in dai ya maƙala sanarwar zaɓin hakan a takardar harajinsa. Wanda ya fi haka tsada akwai sashe na 179, wanda shi ma ke ba da damar cire kuɗin kayan aiki tashi ɗaya. Shi ya sa nakan ce wa masu shirin gyara ɗakin sana'a su fara tambaya kafin su kira kafinta. Kantar da aka saya aka ajiye, da wadda aka kafe a jikin gini, aiki ɗaya suke yi, amma lissafinsu na iya bambanta da shekaru masu yawa.

Akwai iyaka kuma. Kuɗin ɗakin sana'a ba ya jefa sana'a cikin asara. Idan ribar ɗinki ta shekara ba ta kai abin da kike son cirewa ba, abin da ya rage na wuta da inshora da tsufan gini sai a ɗaga shi zuwa baɗi. Ba za ki yi amfani da shi ki rage harajin albashin maigida ba.

Hanya mai sauƙi

Tun daga 2013 IRS ta kawo gajeriyar hanya: dala 5 a kan kowane murabba'in ƙafa, har zuwa 300, wato dala 1,500 ne ƙarshe. A misalinmu dala 1,000. Ba a cike fom 8829, ba a tara takardun wuta, ba a lissafin tsufan gini. Amma duk gyaran da ya shafi ginin ya shige ciki, ba za ki ƙara fenti ko daɓe a kai ba, kuma abin da ya fi ƙarfin ribar shekara ba a ɗaga shi gaba. Kayan aiki irin keke da zare da talla suna nan ana cire su daban. Sharuɗɗan keɓe wuri ma suna nan daram, lissafin ne kawai aka sauƙaƙa.

Ana iya zaɓar wannan bana, a zaɓi waccan baɗi. Ga wanda ya gama biyan bashin gidansa, ɗakinsa ƙarami, ba ya son tara takardu, gajeriyar hanya nake ba shi shawara. Ke kuwa, da bashin gida da aikin da kika yi wa ɗakin, ina ganin doguwar ta fi miki, 2,741 da 1,000 ba ɗaya ba ne. Sai dai tana da wutsiya.

Ranar sayar da gida

Sashe na 121 ya yafe haraji a kan ribar sayar da gidan zama, har dala 250,000 ga mutum ɗaya, 500,000 ga ma'aurata masu cike takarda tare, idan an mallaki gidan kuma an zauna a ciki shekara biyu cikin biyar na ƙarshe. Amma yafiyar ba ta haɗa da kuɗin tsufan gini da aka cire bayan 6 ga Mayu, 1997 ba. A misalinmu kina cire dala 631 a shekara na tsufa, wato gini da rufi da daɓe. Bayan shekara goma ya zama 6,310. Ranar da kuka sayar da gidan da riba, za a ɗora haraji a kan wannan adadin, wanda bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Wato wani yanki na abin da aka bar miki yau aro ne.

Wasu da suka ji haka sai su ce to a cire wuta da inshora a bar tsufan ginin. Ba lalle ya hana ba. Doka na ƙirga abin da aka cire ko wanda ya kamata a cire, sai dai idan mutum ya nuna da takardu cewa bai cire ba, don haka wanda ya bi doguwar hanya ya ƙi cire tsufan gini yana iya yin biyu babu. Shekarun da aka bi gajeriyar hanya ne kaɗai ake ɗaukar tsufan a matsayin sifili. Duk da haka, ga mafi yawan masu ƙaramar sana'a cirewar ta fi, saboda yau tana rage harajin shiga da na masu sana'ar kai, ran sayarwa kuwa harajin shiga kawai ake mayarwa, kuma bayan shekaru.

Idan wata rana kika gina shago daban a bayan gida, ki sani lissafin ya canza. Ɗakin da ke cikin gida yana shiga yafiyar tare da sauran gidan. Ginin da ke ware kuwa sai an raba ribar, kasonsa ya biya haraji.

A nan ne kicin ɗinki zai yi amfani. Dala 18,000 ɗin ba su ɓace ba, ana ƙara su a kan uwar kuɗin gidan, haka ma rufin da daɓe da wayarin. Gidan da aka saya 240,000 aka yi masa sabuntawar 33,900 ya tashi 273,900, kafin a cire tsufan da aka riga aka ci. Ribar da za a lissafa ran sayarwa ta ragu ke nan. Idan ribar ba ta kai iyakar yafiya ba, ba za ki ji bambanci ba. Amma wanda ya daɗe a gida a garin da farashi ke hawa, ko ya mayar da gidan na haya ya koma wani, ko matar da mijinta ya rasu ta sayar bayan shekaru ita kaɗai, waɗannan rasitan na iya tsare musu dubban daloli.

Maganar LLC da shawarar ƙawarki

LLC mai mamba ɗaya, idan ba a zaɓar masa wani tsarin haraji ba, a wurin IRS shi da mai shi abu ɗaya ne. Duk abin da na faɗa a sama bai canza ba don kina da shi. Ba za ki ba kanki hayar ɗakinki ki cire kuɗin hayar ba. Biyan kuɗin kicin daga asusun kamfani kuma yana da wata illa ta daban: amfanin LLC shi ne raba dukiyarki da bashin sana'a, idan kuwa aka ga aljihun ɗaya ne, lauyan mai ƙara zai nemi kotu ta yi watsi da wannan rabon. Idan kin riga kin biya daga asusun, ba laifi ba ne, a rubuta shi a littafi a matsayin kuɗin da mai sana'a ta ɗiba don kanta. Idan kuwa kin zaɓi tsarin da ake kira S, to kin zama ma'aikaciyar kamfaninki, fom 8829 ba naki ba ne, sai kamfanin ya riƙa mayar miki da kason ɗakin bisa rubutaccen tsari da rasitai. Wannan sai an zauna da mai lissafi.

Ƙawarki ta ce tana yi kuma ba abin da ya faru. Na yarda. IRS ba ta bincikar kowa, kuma dawowar kuɗin rara a asusu ba shaida ba ce cewa an duba takarda an amince. Hukumar na da shekara uku ta waiwayo, shida idan an ɓoye fiye da kashi 25 cikin 100 na kuɗin shiga, idan kuwa zamba ce da gangan babu wa'adi. Wanda aka kama zai biya harajin da ruwansa tun daga ranar da ya kamata a biya, da tarar kashi 20 cikin 100 idan sakaci ne, kashi 75 idan an tabbatar da zamba. Telar da ta nuna cinikin dala 30,000 da "gyara" na 34,900 ba sai an yi dogon bincike ba, lambobin da kansu ke kiran ido. Ga mu baƙi kuma akwai ƙarin abin dubawa, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko akwai bashin haraji a kan mutum. Ba na son a je neman gira a rasa ido.

Ki kuma kula da wanda zai cike miki. Duk mai karɓar kuɗi ya cike wa wani takardar haraji dole ne ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar shaidar da IRS ke ba masu cike wa mutane takardu. Wanda ya yi miki alkawarin kuɗi mai yawa, ya cike, ya ce ke kaɗai za ki sa hannu, ya san abin da ya rubuta ne. Ranar da wasiƙa ta zo, sunanki ne a kai. Idan ƙawar taki na jin shawara, akwai fom 1040-X na gyara takardun baya, kuma wanda ya gyara da kansa kafin a neme shi ya fi samun sauƙi.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nan

Ban ga gidanki ba, ban ga takardun ɗan kwangila ba, lambobin wuta da bashi da girman gida duk nawa ne na misali. Layin da ke tsakanin gyara da sabuntawa ma ba kullum yake a fili ba. Sake rabin rufi, ko ja waya ɗaya don injin mai cin wuta, abubuwa ne da masu lissafi biyu za su iya saɓawa a kai. Akwai abokan aikina da ke ganin aikin cikin ɗakin sana'a zai iya shiga rukunin shekara 15 na gyaran cikin gine-ginen kasuwanci. Ni ina bin shekara 39 kamar yadda littafin IRS mai lamba 587 ya nuna, domin ginin gidan zama ne. Dokar kuma tana canzawa, a duba ta shekarar da ake cikewa. Harajin jiharku daga lissafin tarayya yake tashi, don haka abin da kika cire a can zai taɓa na jiha. Ki kuma tambayi hukumar birni game da izinin sana'a a gida, ki sanar da kamfanin inshora, domin inshorar gidan zama ba lalle ta biya hajar sana'a ba idan gobara ta tashi, Allah ya kiyaye.

Kafin ki je wurin mai cike miki, ki auna ɗakin da wurin ajiya, ki zana taswirar gidan ko da da biro ne, ki ɗauki hoton ɗakin yadda yake. Ki nemi ɗan kwangila ya rarraba miki takardarsa, ɗakin ɗinki daban, kicin daban, fenti daban da wayarin, kowanne da ranar gamawa. Idan ɗan'uwa ne ya yi aikin kika ba shi kuɗi a hannu, kamar yadda muka saba, ki koma ya rubuta miki abin da ya yi da abin da ya karɓa ya sa hannu, tun bai manta ba. Rasitan shagon kayan gini rubutunsu na gogewa cikin 'yan watanni, ki ɗauke su a waya yau. Na wuta da fenti ki ajiye shekara uku bayan cike takarda. Na rufi da kicin da daɓe kuwa ki sa su tare da takardun gidan, su zauna har shekara uku bayan kun sayar.